Shekarar da Aka Raba Ni da Allo

Akwai wani fushi da kuka daɗe kuna taya ni, ku 'ya'yana, alhali ban roƙe ku ba. Kai Bashiru ka fi kowa zaƙewa. Duk sa'ad da aka ambaci karatun nan da ke yawo a wayoyin mutane, wanda ake kira lissafin Malama Luba, sai ka haɗe rai ka ce gumin ubanka ne aka kwashe, wata ta ci suna da shi. Ni kuwa na yi shiru, kuma ba shirun haƙuri ba ne. Daɗi nake ji a ce an zalunce ni, domin hakan ya fi sauƙin ɗauka a kan abin da ya faru da gaske. Yanzu da tsufa ya cim mini, gara in rubuta muku yadda aka yi, kada wata rana ku haɗu da baiwar Allah ku ƙi amsa mata gaisuwa saboda ni.

A shekarar da aka rufe makarantu saboda halin da ƙasarmu ta shiga, aka kuma ɗauke sabis ɗin waya gaba ɗaya, saura mini kaɗan in ajiye aiki. Na haura shekara talatin ina koyar da lissafi a wata sakandare a nan Talata Mafara, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake tara dabaruna a ciki tun ina saurayi, ban taɓa barin wani malami ya buɗe shi ba. A ciki ne na mayar da lissafin Turawa abin da ɗan manomi zai gane. Misali, lissafin neman adadin da aka ɓoye, ni mangalar jaki nake kiransa: abin da ka cire a wannan gefe dole ka cire irinsa a wancan, in ba haka ba kaya su zube. In na tsaya gaban allo da alli a hannu, ina jin duk faɗin Mafara babu na biyuna. To, ga shi an kulle aji, an bar ni da alli a aljihu, 'yan ajin ƙarshe kuwa jarrabawa na jiransu ko an buɗe makaranta ko ba a buɗe ba.

Wanda ya kawo shawarar shi ne Mista Yohanna, malamin kimiyya a makarantarmu, Kirista ne daga kudancin Kaduna da ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta koma tamu. Ya zo zaurena da hantsi, bayan mun gama gaisawa ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini wani ɗan baƙin abu da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ya ce memori ke nan, irin wanda mutane ke zuba wa'azi da waƙa a ciki, kuma wannan ɗin kaɗai zai ɗauke karatun shekara guda har ya bar wuri. Na juya shi a hannuna ina tsoron kada in yi numfashi ya tashi. Na dubi littafina da ya yi kauri saboda shekaru, na dubi abin nan, na shiga tasbihi. Ya ce ba ma buƙatar sabis. Mu ɗauki karatu da murya kawai, domin yawancin gidaje ƙaramar waya suke da ita ko rediyo mai cin memori. Direbobi su kai, masu cajin waya su kwafa wa duk wanda ya zo. Shi zai yi kimiyya, Malam Lawali na Maradun ya yi Turanci, ni in yi lissafi, sannan Malama Luba ta Bakura ta tsaya a kan rarrabawa a ɓangarensu. Lawali da Luba duk ta hannuna suka bi suna yara. Lawali na tuna shi da ƙoƙari. Luba kuwa abin da na tuna kawai shi ne yarinya ce marar magana, da kyar ta riƙa tsallake lissafi, har na taɓa rubuta mata a takardar sakamako cewa ta nemi wani fannin.

Na amince, amma da sharaɗi: ba zan iya karantarwa ba allo ba. Yohanna ya dubi furfurata, ya ce to. Washegari aka ɗauko mini allo aka jingina a zaure. Ya kafa waya a kan kujera, ni kuwa na gyara riga na shiga aiki kamar yara sittin na gabana. Ina rubutu ina bayani, ina buga allo da alli, gumi na zuba. Innarku Kulu ta leƙo daga cikin gida ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin wanda ke yi wa kujera faɗa ba sai yau. Da aka gama Yohanna ya kunna mini. Na ji muryata ta fito daga abin, har tarin da na yi a tsakiya. Ga ni zaune bakina a rufe, ga ni kuma ina koyarwa.

Haka muka yi mako shida. Duk Talata memori ya fita, ya bi mota zuwa Bakura da Maradun, daga can ya watsu zuwa inda ban sani ba. Ni kuwa duk wanda na haɗu da shi, uba ko ɗalibi, bayan an tambayi gida da iyali da gajiya sai in saka tawa: yaya karatun? A ce mini madalla, ana ji ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki wannan a matsayin rahoto. Ni da aka haifa a ƙasar nan, na san wanda ke kwance magashiyyan ma in ka tambaye shi jiki da sauƙi zai ce maka, amma na manta da wannan sarai, saboda amsar ta yi mini daɗi.

Rasuwa ce ta kai ni ƙauyen Dakko, ta wani ɗan'uwan mahaifiyata. Bayan an yi addu'a da la'asar na fito ina neman inda zan miƙe ƙafa, sai na hangi taro a gindin wata bishiya bayan gidan. Yara ne maza da mata, kamar goma sha biyar, duk sun durƙusa kowa da tsakuwa a gabansa da gwangwanin madara, ga ƙaramar rediyo a rataye jikin reshe. Na matsa. Muryar mace ce ke fita, a natse, ba gaggawa.

"Ja layi ƙasa da yatsanka. Wanga layi shi na bayan jaki. Hannunka na dama aje tsakuwa bakwai. Hannunka na hagu aje ukku, ka kihe gwangwani kusa da su. Kaya sun daidaita. To, tsakuwa nawa ag ga ƙarƙashin gwangwani? Kak ka yi sauri, ina jiranka."

Sai rediyon ya yi shiru. Na zaci batir ne ya ƙare, ashe shirun a cikin karatun yake. Yaran suka duƙufa, wannan na cire uku a dama, waccan na cire uku a hagu, wani dattijo da ke saƙar igiya a gefe ya ajiye igiyarsa yana ƙirga da yatsu. Can wata yarinya ta ce huɗu, sauran suka ɗauka, kuma kamar tana ganinsu, muryar ta dawo ta ce in huɗu kuka samu kun yi daidai, in ba huɗu ba ku mayar da tsakuwa mu sake, ba laifi. Mangalata ce, ba ko shakka, har da jakin. Amma abin da nake shan mako biyu ina fama da shi a aji, ga shi 'ya'yan ƙauye sun kama shi kafin a kira magariba, ba malami, ba allo. Da farko mamaki ne ya cika ni, wallahi har na ji ƙwalla. Da na tambayi dattijon ko muryar wace ce, ya ce ai Malama Luba ce ta Bakura, Allah ya yi mata baiwar lissafi, sai mamakin ya juye ya zama wani abu mai ɗaci.

Ban wuce gida ba da na dawo, gidan Yohanna na nufa. Bai yi musu ba. Ya ce tun mako na biyu Luba ta aiko da saƙo cewa yara ba sa gane komai, sai ta fara sauraron nawa tana sake ɗauka da muryarta, shi kuma yana saka nata a memorin da ke fita. Nawa yana nan a ajiye a wayarsa, in ban da Luba ni kaɗai ake kunna wa. Shi da Lawali sun yi ta tura wa juna wanda zai gaya mini, aka rasa mai iyawa. Na ce to, tunda abin munafunci ne, daga yau na daina, kuma littafina ko bangonsa ba wanda zai gani. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce darussa masu wuya ne suka rage, waɗanda jarrabawa ta fi tambaya, Luba ba za ta iya su ba sai da ni. Na ce wannan ya rage nasu. Na san sarai yaran da za su shiga jarrabawa ne zan hukunta, ba Yohanna ba, amma a lokacin ban damu ba.

Kwana uku ina cin magani a gida. Kulu ta bar ni na huce da kaina, da ta ga ba ni da niyya, sai ta sa aka karɓo wayar Yohanna. Ta zauna tana tsintar shinkafa, ta ce in kunna mata nawa, in kuma juya wa allo baya. Na kunna don in nuna mata irin aikin da aka wulaƙanta. Sai ga muryata tana cewa, wannan ka ɗauke shi ka kawo nan, ka ga ya koma haka, sai ka haɗa shi da wancan, shi ke nan, wa bai gane ba? Tsakanin kowace magana ana jin ƙarar alli. Kulu ba ta ɗago kai daga faifai ba.

"Malam, wane na wannan? Ina na nan? Ni dai tun ɗazu ina biye da kai, ban san abin da kaɗ ɗauka ba, ban san inda kak kai shi ba."

Na ce ai ita ba ta yi boko ba. Ta ce ƙwarai kuwa, amma na Luba da maƙwabta ke kunnawa tana ji ta katanga, ita da ba ta yi boko ba ta samu huɗu. Na kashe wayar na fita. A raina na san ta gama da ni, amma girman kai bai bar ni na furta ba.

Ranar Juma'a da hantsi Luba ta zo, mijinta ya kawo ta ya tsaya a waje. Rabona da ita ya kai shekara ashirin. Ta shigo sanye da tabarau mai kauri, ta durƙusa nesa da tabarmata, ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa na gidan da sunansa. Na amsa a daƙile. Ta ce ta zo neman gafara, ta san abin da ta yi rashin ladabi ne, ba ta dai ga hanyar da za ta dubi idon malaminta ta ce masa karatunsa bai fita ba. Ni kuwa tambaya ɗaya ke cina tun daga Dakko. Na ce ta bar batun gafara tukuna, ta gaya mini yadda aka yi ita, da na san irin lissafinta, ta iya gane abin da ke kan allon da ba ta gani ba, daga wannan da wancan kawai. Ta gyara zaman tabaraunta.

"Malam, ai na saba. Shekara ukku ina ajinka, ban taɓa ganin allonka ba. Bencin baya nike, idona ba su kai. Ban san ciwo na ba sai bayan na yi aure. Abin da nij ji shi nika tahiya da shi gida, in zauna da tsakuwa in ta gwadawa har in gano mi kaka nuhi."

Na tuna jan biron da na yi mata rubutu da shi a takardar sakamako. Na tuna yadda nake jefa mata tambaya ina nuna allo, ta miƙe ta sunkuyar da kai, in ce zauna, Allah ya sawwaƙe. Yarinyar da na ɗauka ba ta da kai, ashe ita kaɗai ke yin lissafin sau biyu: ta fara gano tambayar, sannan ta nemi amsa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, tare da ita kuma wani irin tsoron ikon Allah, yadda ya ɗauki abin da na cutar da ita da shi ya mayar da shi abin da za a ceci yaran da shi. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko baƙin littafin na ajiye a gabanta. Ta ƙi taɓawa sai da Kulu ta ɗauka ta saka mata a hannu.

A nan ne maganar suna ta taso, kuma ina so ka karanta wannan da kyau, Bashiru. Ita ce ta roƙe ni in bari ta riƙa buɗe kowane darasi da cewa wannan karatun Malam Garba ne na Mafara. Ni na hana. Ba zan yi muku ƙaryar cewa tsabar kirki ne ba. A ranar kunya ce ta fi yawa, ba na son a haɗa sunana da abin da zai riƙa tuna mini da ita a bencin baya. Daga baya ne na ga hanin ya yi daidai. Dabarar tawa ce, amma shekara talatin tana hannuna iyakarta benci uku na gaba.

Abin da ya biyo baya shi ne aiki mafi daɗi da na taɓa yi, kuma har yau in na tuna sai in ga kamar ba mu muka yi ba. Ni in tsara darasi a takarda in ba direba. Luba ta dawo mini da ita ta yi zane a wuraren da ta ce a nan yaro zai ɓace, kuma ba ta taɓa kuskure ba. In gyara, wani lokaci sau uku, ina ƙunƙuni ina gyarawa. Ta ɗauka da muryarta. Lawali ya tara yara a Maradun ya kunna musu, ya ajiye wata wayar a gefe tana ɗaukar abin da suke faɗa a lokacin shirun, ya aiko mana. Yohanna ya haɗa komai ya fitar. Nakan zauna a zaure in saurari yaran nan da ban taɓa gani ba suna gardama a kan tsakuwa, ana jin kukan awaki da dakan mata a bayansu. A aji ban taɓa jin yadda yaro ke tunani ba, amsarsa kawai nake ji, in ce daidai ko kuskure. Sai da na tsufa wani abu da bai kai farce ba ya shigar da ni cikin kawunansu. Wata rana direba ya gaya mini ya ji darasin a Ruwan Gizo, wani ya ce ya ji shi a Jangebe, wurin da ba mu taɓa aika ko memori ɗaya ba. Waya ce ke ba waya, hannu zuwa hannu. Muka kai ƙarshen littafin saura kwanaki kaɗan a shiga jarrabawa.

Abin da na biya kun san shi, don shi ne ke ba ku haushi. An kira Luba an yaba mata, an ƙara mata girma, malamai na zuwa Bakura koyon yadda take yi. Ni na ajiye aiki aka yi mini addu'a aka watse. Akwai ranar da wani uba ya ba ni shawara, da kyakkyawar niyya, in nemi karatun Malama Luba ko zan ƙaru. Na ce masa in sha Allahu. Ya yi mini zafi, ba zan ce bai yi ba.

Kafin in ajiye aikin an buɗe makarantu, na samu zango ɗaya na ƙarshe. Ranar farko na shiga aji na cika allo da rubutu kamar yadda na saba, sannan na ajiye allin. Na ratsa tsakanin yara har bangon baya, na ce wa wata yarinya ta matsa, na zauna a gefenta. Ajin ya yi tsit, suna zaton wani zan kama. Tunda na fara aiki ban taɓa zama a wurin nan ba. Na ɗaga kai na dubi allon. Hasken taga ya cinye gefe guda, sauran kuma wasu ƙananan farare ne kamar sawun kaji. Rubutuna ne, yanzu na yi shi, amma da kyar na karanta layin farko. Daga inda nake zaune na ce duk wanda ba ya ganin abin da ke kan allo ya ɗaga hannu, ba zan yi faɗa ba. Aka daɗe ba wanda ya motsa. Sai yarinyar da ke gefena ta ɗaga nata a hankali, wani ya bi, wata ta bi. Na ƙirga hannu tara, a aji ɗaya, a shekara ɗaya daga cikin talatin da wani abu.

Na ce su ɗauko bencinsu su dawo gaba, na goge allon, muka fara daga farko.